Kyaftin ɗin Ruwa da Kyaftin ɗin Ƙasa: Tambayoyi kan Muƙaman Hafsoshi a Yaƙin Duniya na Biyu

Kyaftin a sojan ƙasa daidai yake da kyaftin a sojan ruwa?

A'a, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. A tsarin Birtaniya da Amurka, wanda Najeriya ma ta gada, kyaftin ɗin ƙasa kamfani yake riƙewa ko ya taimaka a riƙe shi, wato mutum ɗari da wani abu. Takwaransa a ruwa laftanar ne. Kyaftin ɗin ruwa kuwa tsaran cikakken kanar ne, hawa uku a sama, shi ake danƙa wa babban jirgin yaƙi. Wani abin da ke ƙara rikita mutane: duk wanda ke jagorantar jirgi, ko da laftanar ne, a cikin jirginsa kyaftin ake kiransa.

Me ya sa laftanar janar ya fi manjo janar, alhali manjo ya fi laftanar?

An gutsure sunan ne. A ƙarni na 17 "saje-manjo janar" ake cewa, sai "saje" ya faɗi a hanya.

Ina aka fi yin kuskure wajen kwatanta ƙasashe?

A janar-janar na Jamus. A lokacin yaƙin ba su da birgediya, don haka Generalmajor shi ne matakin farko, daidai da mai tauraro ɗaya a Amurka. Generalleutnant shi ne tsaran manjo janar. Daga nan sai janar na sashe, kamar General der Infanterie, sannan Generaloberst, wato kanar-janar, wanda ke daidai da cikakken janar. Mai fassara da ya bi suna kawai zai ɗaga kowane Bajamushe hawa ɗaya.

Tsohuwar Tarayyar Soviet ma ta samu kanar-janar lokacin da ta maido da muƙaman janar a 1940, amma nata yana ƙasa da janar ɗin runduna. Suna ɗaya, mataki daban. Japan ce ta sauƙaƙa wa kanta: rubutu guda take amfani da shi ga kanar da kyaftin ɗin ruwa, sai a sa "ƙasa" ko "ruwa" a gaba.

Me ya kawo tauraro biyar a Amurka?

Zaman ƙawance da Birtaniya. Ranar 1 ga Satumba 1944 aka yi wa janar ɗin Birtaniya Montgomery fil mashal, muƙamin da ke sama da cikakken janar, alhali ubangidansa Eisenhower na Amurka na da taurari huɗu. A Disamba 1944 majalisar Amurka ta ƙirƙiro mataki na biyar: Marshall, MacArthur, Eisenhower da Arnold a ƙasa, Leahy, King da Nimitz a ruwa. A lura, a watannin da ke tsakani Montgomery bai daina karɓar umarni ba, domin kujerar babban kwamanda ce ke ba da iko, ba abin da ke kafaɗa ba. Ga kuma muƙamin wucin gadi: a farkon 1943 Eisenhower cikakken janar ne, amma a rajistar dindindin laftanar kanar yake.

Kwatancen nan yana da amfani a aikace?

Ƙwarai, musamman ga fursunonin yaƙi. Yarjejeniyar Janeba ta 1929 ta wajabta wa ƙasashen da ke faɗa su sanar da juna muƙamansu tun farkon yaƙi, saboda hafsan da aka kama ana biyansa albashin takwaransa na ƙasar da ta kama shi, muddin bai wuce abin da yake samu a gida ba, kuma ba a tilasta masa aikin ƙarfi. Ta 1949 ta yanka kuɗin wata-wata: faran 50 na Suwizalan ga hafsan da bai kai manjo ba, 60 daga manjo zuwa kanar, 75 ga janar.

To yaya ake kwatantawa ba tare da kuskure ba?

A ƙirga matakan daga ƙaramin hafsa zuwa sama a kowace ƙasa, sannan a duba girman rundunar da mutum ke riƙe da ita da shekarar da ake magana a kai. Lambobin NATO, OF-1 zuwa OF-10, suna taimakawa: kanar da kyaftin ɗin ruwa duk OF-5 ne. Sai dai bayan yaƙin aka tsara su, don haka ɗora su a kan sojojin 1944 kintace ne kawai.