Duhu, naƙuda da allurar oksitosin: jan hankali ga masu kiwo a Sakkwato

Masu dawaki sun daɗe da sanin cewa goɗiya ta fi haihuwa cikin dare, lokacin da gari ya yi tsit. A tsakiyar ƙwaƙwalwar dabba akwai wani ɗan ƙullin nama da ke sakin sinadarin melatonin idan duhu ya shiga, haske mai ƙarfi kuma yana danne shi. Wannan sinadari ne ke sanar da jiki cewa dare ya yi, har da tsokokin da ke aiki ba da umarnin dabba ba: na mahaifa, na hanji, na mafitsara da na jijiyoyin jini.

A cikin waɗannan tsokoki, ta mahaifa ce oksitosin, allurar da ake yi don ƙarfafa naƙuda, ke matsawa. Gwajin ɗakin bincike ya nuna cewa a tsokar mahaifar mace 'yar Adam melatonin yana ƙara wa oksitosin ƙarfi, a ta ɓera kuwa yana rage matsewar. Ke nan amsar da jiki ke bai wa magani tana bin irin dabbar da halin da take ciki, ba yawan abin da aka zuƙa a sirinji kaɗai ba. Jar akuyarmu ma ta fi haihuwa da rana, don haka kar a auna ta da goɗiya.

Ga inda ake yawan ɓata aiki. Akuya ta fara naƙuda, sai a taru a kanta, wannan da tocila, wancan da fitilar waya, yara na hayaniya. Tsoro yana sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, shi kuma yana sassauta tsokar mahaifa, naƙuda ta tsaya. Sai a ce ta gaza, a ruga neman allura. Shi ne dai abin da ke sa saniyar da aka firgita ta riƙe nono. A keɓe mai naƙudar a turke mai tsabta, a rage haske, mutum ɗaya ya riƙa leƙawa.

Idan akuya ko tunkiya ta yi minti 30 tana yunƙuri sosai ba abin da ya leƙo, ko saniya ta wuce awa 1 zuwa 2 bayan fashewar faya, a kira malamin dabbobi. Zai wanke hannu, ya sa safar hannu, ya duba abu biyu: bakin mahaifa ya buɗe? Ɗan ya taho daidai, ƙafafun gaba biyu da hanci a kansu? In ya gicciye ko kansa ya lanƙwashe baya, oksitosin zai matse mahaifa a kan ƙofar da ke rufe, ta yage, a rasa uwa da ɗa. Wani lokaci kuma ƙarancin sinadarin kalsiyam a jini ne ya kashe ƙarfin tsokar, allurar ba za ta tsinana komai ba sai an gyara shi.

Yawancin kwalaben oksitosin na ɗauke da yunit 10 a kowane mil (mililita) 1, kuma sau da yawa mil 1 ya ishi akuya. In aka zarce, mahaifa takan ƙame maimakon ta riƙa matsewa tana saki.

Sai batun ajiya, wanda ke damunmu ƙwarai a nan. Oksitosin yana son sanyin firij, digiri 2 zuwa 8. A watan Afrilu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kwalbar da ta yi makonni a kan kantar shago tana iya rage ƙarfi. In haihuwa ta gagara a gida, a kai dabbar asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun uwar tana iya tsayuwa.