Binciken asali da sunayen zuriya a ƙasar Adar

Binciken asali, ko bin salsala, shi ne neman sanin kakannin mutum: sunayensu, garin da suka fito, sana'arsu da zamanin da suka rayu. A Adar, ƙasar Hausa da ke jihar Tawa (Tahoua) a Jamhuriyar Nijar, akasarin wannan sani a bakin tsofaffi da maroƙa yake. Takardun hukuma daga baya suka zo.

Yadda suna yake tafiya

Bahaushe ba shi da sunan gida guda da ake gada har jikoki da tattaɓa-kunne. Ran bakwai da haihuwa ake raɗa wa jariri sunan yanka, sai a jingina shi da na mahaifinsa: Abdu ɗan Isa, ɗansa kuma Musa ɗan Abdu. Kafin a je tsara ta uku sunan kakan ya faɗi. Ɗaukar sunan gari, irin na Aminu Kano ko Shehu Shagari, ya fi yawa a Najeriya. A Nijar sunan uba ne ya zauna a takarda.

Laƙabi ya fi sunan yanka ba da labari. Saboda alkunya uwa ba ta kama sunan ɗan fari, wanda aka yi wa takwara da kaka ma akan sakaya nasa, har a manta na ainihin. Balarabe ran Laraba aka haife shi, Ɗanjuma ran Juma'a. Tanko ya biyo bayan mata, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba, Nomau kuwa lokacin noma ya zo. Wasu sunayen sana'a ne ko muƙami da suka liƙe wa gida: Maƙeri, Madugu, Liman, Sarkin Fawa. Mai bincike da ya ji an ce da kakansa Ajuji ya san cewa yayyen kakan sun yi ta rasuwa suna jarirai.

Tarihin baka

Jerin sunaye mafi tsawo a gidajen sarauta yake. Sarakunan Illela ta jihar Tawa suna kai salsalarsu ga Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak. Agabba ne ya ci Adar wajen ƙarshen ƙarni na 17. Wasu marubuta suna cewa 1674. Makaɗan fada suna jero magabata cikin kirari, sai dai sun fi riƙe waɗanda suka yi sarauta, ƴan'uwan da ba su hau ba su ɓace. A gidajen talakawa tsofaffin mata ne suka fi sanin wa ya auri wa, abin da jerin maza ba ya kawowa. Tsagar fuska ma shaida ce, domin tsohon wanzami yana bambanta ta Bagobiri da ta Ba'are, mutumin ƙasar Arewa ta wajen Dogondutsi, da kallo ɗaya.

Shekaru da abin da ya faru ake auna su. Tsohuwar da ta ce an haifi ubanta shekarar Kakalaba tana nufin yunwar 1913 zuwa 1914. Zuwan Nasara Tawa, wajen 1900, da soke aikin tilas a 1946 su ma alamomi ne. Littattafai biyu da suka fito a 1975, na Djibo Hamani kan Adar kafin mulkin mallaka da na Nicole Echard kan manoman Adar, sun dogara ƙwarai da irin wannan hira da dattawa.

Takardu

Turawan Faransa sun ƙirga mutane ne don haraji, gida-gida, da sunan maigida a sama. Rajistar haihuwa ba ta kai yawancin ƙauyuka ba, shi ya sa tsofaffin katunan shaida suke ɗauke da *né vers*, wato an haife shi wajen shekara kaza, shekarar da sau da yawa ma'aikaci ya ƙiyasta da ido. Rubutun sunan ma na Faransanci ne: Shu'aibu ya zama Chaibou, Yusufu Issoufou, Muhammadu kuwa yana iya fitowa Mahamadou a takardar makaranta, Mahamane ko Mamane a ta soja, alhali mutum ɗaya ne. Littafin tsohon soja yana cikin masu amfani, domin yana nuna lambarsa, garinsu da sunayen iyayensa.

Ana samun rahotannin kwamandojin mulkin mallaka a gidan adana takardun ƙasa da ke Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa. Cibiyar binciken rayuwar ɗan'adam, IRSH, ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai tana ajiye da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda marubuci kuma ɗan siyasar Nijar Boubou Hama ya soma tarawa. Cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, CELHTO, da aka kafa a Yamai a 1968, tana da faya-fayen tarihin baka.

Saɓani

Da'awar fitowa daga gabas ko daga gidan sharifai ta yawaita, masana tarihi kuma suna ɗaukarta da taka-tsantsan. Asalin bauta batu ne da iyalai da dama ba sa buɗewa, musamman lokacin neman aure.

A yau

Adarawa masu cin rani a Abidjan da Akara kan aiko da tambaya ta WhatsApp, a naɗo musu muryar dattijon gida.