Mi ake nufi da "ofin sos", kuma mi ya sa masu aikin kwamfuta suka damu da shi yanzu

Duk wanda ke zama da masu gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi ko masu kula da kwamfutocin ofisoshi kwanan nan zai ji kalmar ofin sos tana ta yawo, wani ya ce shi dai ya gaji zai koma ofin sos, wani ya ce ai kayan banza ne tunda kyauta ake ba da shi, kuma in ka saurara da kyau sai ka ga ba abu ɗaya suke nufi ba. Mafi yawa sun ɗauka ma'anarta manhajar da ba a biyan kuɗi. Gaskiya ne sau da yawa ba a biya, amma ma'anar ta wuce nan nesa.

Kowace manhaja mutane ne suka zauna suka rubuta ta layi bayan layi da wani yare na kwamfuta, wanga rubutun shi ake kira kod, shi ne asalin manhajar. Abin da ke isowa gare mu a filash ko mu sauke daga intanet an riga an juya shi zuwa abin da na'ura kaɗai ke ganewa, kai mutum ko ka buɗe ba abin da za ka iya karantawa. Kamfani irin Microsoft ko Adobe yana riƙe kod ɗinsa a ɓoye, abin da ya sayar maka izinin amfani ne kawai, wato lasisi, manhajar tana nan tasa. Ofin sos kuwa, ko mu ce buɗaɗɗiyar manhaja, ita ce wadda aka fito da kod ɗinta fili kuma lasisinta ya ba kowa dama ya karanta, ya gyara yadda yake so, ya raba wa wasu, kai har ya sayar in ya ga dama. Lasisin nan shi ne ma'auni. WhatsApp ba ka biyan ko sisi amma rufaffe ne ruf, ba ka da ikon ganin cikinsa. Red Hat kuma kamfani ne da ke cin abinci da buɗaɗɗiyar manhaja, yana karɓar kuɗin kulawa da tallafi daga bankuna da manyan ma'aikatu, kuma IBM ta saye shi a 2019 a kan dala biliyan 34, to ka ga zancen kayan banza bai taso ba.

Manomin fadama a Argungu ko Suru zai gane abin nan da wuri. Irin shinkafar da ka ajiye daga girbinka naka ne, ka zaɓi zangarniya mai kyau ka ware, baɗi ka shuka, maƙwabci ya roƙa ka auna masa, shi ma ya ƙara zaɓe ya ba wani. Akwai kuma irin kamfani wanda in kana son amfani irin na bana to dole baɗi ka koma ka sake saye, kuma farashin da mai shi ya yanka shi za ka biya, ran da ya ce ya daina kawowa sai ka nemi yadda za ka yi. Irin kamfanin yana iya yin albarka ƙwarai, ba wanda ya musa, amma ikon yana hannun wani, haka rufaffiyar manhaja take.

Sai abin da ya fi damuna a nan wajenmu. Kusan duk bizines senta da ka shiga daga Jega har Yauri, Windows ɗin da ke kai da Office da CorelDRAW kirak ne, mai gyara ya zo da filash ya zuba maka ka ba shi na shan ruwa, shi ya sa in ka ce wa mutum ofin sos kyauta ne sai ya dube ka ya ce to wanda nike amfani da shi nawa na saya? Kirak ba ofin sos ba ne ko kaɗan. Rufaffiyar manhaja ce aka fasa wa makulli, ba ka ga kod ɗin ba, ba ka san wanda ya fasa ba, ba ka san abin da ya cusa ciki ba, kuma ta wannan hanyar ɓarayin intanet da yawa ke shigo da abin da ke sace fasawod. Na sha ganin kwamfutar da ake buga sakamakon jarrabawar ɗalibai da takardun albashi a kanta, an kashe mata antibairos da gangan don kar ya goge kirak ɗin, haka take aiki shekara da shekaru kuma kowa na soka filash ɗinsa. Wallahi abin yana tayar mini da hankali.

Asalin tafiyar daga Amurka ne. A 1983 wani masanin kwamfuta mai suna Richard Stallman ya fara aikin GNU don a samu manhajar da kowa ke da 'yancin dubawa da gyarawa, a 1989 ya fito da lasisin GPL wanda ya ƙunshi wani sharaɗi mai hikima, in ka ɗauki kod ɗin ka gyara ka raba wa jama'a to kai ma dole ka buɗe gyaran da ka yi, ba za ka kwashi aikin mutane ka kulle ba. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta Linux, wato zuciyar buɗaɗɗen tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Ita kalmar ofin sos sai 1998 aka fito da ita, shekarar da kamfanin Netscape ya buɗe kod ɗin burauzarsa, daga nan ne ma Firefox ta samo asali. A 2001 shugaban Microsoft na lokacin Steve Ballmer ya kwatanta Linux da cutar daji, amma a 2018 Microsoft ɗin ce ta sayi GitHub, inda mafi yawan masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja ke ajiye aikinsu, a kan dala biliyan 7.5.

To mi ya tayar da maganar yanzu? Amanar da aka ba kamfanonin rufaffiyar manhaja ce ta fara raguwa, kuma abubuwa ne suka taru.

Wanda ya fi taɓa mu kai tsaye shi ne Windows 10. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina ba ta afdet ɗin tsaro na kyauta, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Aka ce a koma Windows 11, ita kuma tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa sabuwa, a ɓangaren Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Yanzu ka duba laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu da malamai da kafe-kafe, yawanci gwanjo ne, HP da Dell masu Core i5 zubi na 4 ko na 6, lafiyarsu ƙalau, suna buga takardu suna shiga intanet ba matsala, amma an wayi gari an ce ba su cancanta ba. Akwai dabarun da masu gyara ke yi su tura Windows 11 a kansu ta ƙarfi, sai dai kamfanin bai ɗauki alhakin abin da ya biyo baya ba. Mutumin da ke fama da kuɗin mai na janareta ka ce masa ya canza kwamfutoci goma lokaci ɗaya, ina zai samo?

Ga kuma kuɗin haya. Da can kana sayen Office sau ɗaya ka huta, yanzu an fi tura mutane ga Microsoft 365 da ake biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma farashin yana bin dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, to ma'aikatar da ta yi kasafi da naira ka san halin da ta shiga. Ba Microsoft kaɗai ba, tun da Broadcom ta sayi VMware a 2023 ta soke sayar da lasisin dindindin ta koma na haya, masu kula da saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, da yawa suka fara kallon Proxmox, buɗaɗɗiyar manhajar da ke yin irin aikin VMware.

Sai tsaro. A 2023 masu kutse da aka alaƙanta da Sin suka shiga imel ɗin manyan jami'an gwamnatin Amurka ta hanyar tsarin Microsoft, a 2024 kwamitin binciken gwamnatin Amurka ya ce kutsen abu ne da ya kamata a ce an hana, kuma ya soki yadda kamfanin ke tafiyar da harkar tsaro. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 suka tsaya cak a duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka rikice. A yi adalci, wancan laifin afdet ɗin wani kamfanin tsaro ne mai suna CrowdStrike, amma ya nuna wa kowa haɗarin a ce duniya duka ta rataya a abu ɗaya. A shekarar ne kuma aka sanar da Recall, wani tsari da zai riƙa ɗaukar hoton sikirin ɗinka a kai a kai yana ajiyewa don ka iya neman abin da ka yi a baya, masana tsaro suka yi caa har aka ɗage fitar da shi aka sake masa tsari. Irin wanga abu ne ke sa mai kula da kwamfutocin asibiti ko kotu ya fara tambayar kansa shin wa ke da iko da na'urar da ke gabansa.

A Turai har gwamnatoci sun fara motsi. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikata kusan 30,000 zuwa LibreOffice, buɗaɗɗiyar madadin Office, sannan Linux, a 2025 ma'aikatar harkokin dijital ta Denmak ta ce ita ma za ta gwada LibreOffice. Jandarmomin Faransa sun daɗe a kan nasu Linux ɗin da suka gina a kan Ubuntu, wani nau'in Linux, makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya ma haka. Amma birnin Munik da ya fara komawa Linux tun wajen 2004, a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows, saboda haka kar wani ya ce maka abu ne mai sauƙi.

Kuma buɗe kod ba ya nufin babu aibi. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, buɗaɗɗiyar manhajar tsaro wadda ɗimbin shafukan intanet suka dogara da ita, ashe mutane ƙalilan ne ke kula da ita da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A Maris 2024 aka kama wani da ya yi shekaru yana nuna shi mai taimako ne har aka yarda da shi, ya dasa ƙofar ɓoye a wata ƙaramar manhaja mai suna xz. Wanda ya gano injiniya ne mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft ma kuwa, ya lura shiga wata saba ya ƙara jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, sai ya bi diddigi. Ya iya bin diddigin ne don kod ɗin a buɗe yake, ni a wajena wannan shi ne ainihin amfanin abin, duk mai ilimi yana da damar ya duba, ba sai ya jira kamfani ya amsa laifinsa ba.

Abin da mutane ba su lura ba, mun daɗe muna amfani da ofin sos. Wayar Android da ke aljihunka a kan Linux aka gina ta. VLC da ake kallon bidiyo da ita buɗaɗɗiya ce. DHIS2 da ma'aikatan lafiya a Najeriya ke shigar da alƙaluman asibitoci buɗaɗɗiya ce daga Jami'ar Oslo, ODK da aka yi ta aikin rigakafin shan-inna da ita a waya ita ma haka, Wikipedia ta Hausa a kan buɗaɗɗiyar manhajar MediaWiki take. Manyan kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya tun 2017 duka Linux ne a kansu.

Inda ake shan wuya shi ne teburin aiki na yau da kullum, kuma gara a faɗa wa mutane gaskiya. CorelDRAW da Photoshop ba su da na Linux, akwai Inkscape da GIMP amma wanda ya shekara goma yana zana katin biki da kalanda da Corel hannunsa ba zai saba cikin mako ɗaya ba, kuma masu injin buga takardu fayil ɗin Corel suke tambaya. Takardar Word mai tebura da yawa wani lokaci in an buɗe ta a LibreOffice sai layuka su goce, ɗalibi mai furojet zai iya fushi da kai. Na'urorin ɗaukar hoton yatsa da ake rajista da su yawanci diraibansu na Windows ne. Saboda haka mai kafe da ke rayuwa da rajistar jarrabawa ba zan ce masa ya goge Windows gobe ba.

Wanda aikinsa rubutu ne da lissafi da intanet kuwa, shi hanyarsa a buɗe take, kuma gwadawa ba ta cin komai. Ka sauke Linux Mint ko Ubuntu ka zuba a filash mai gig 8, ka kunna laftof ɗin daga filash ɗin, za ta tashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin hadis ɗinka, wato ma'ajiyar kwamfutar, ba. Ka duba waifai ya kama, sauti na fita, ka soka firinta ka buga shafi ɗaya, ka buɗe wata tsohuwar takardarka ka ga yadda ta fito. Ka shiga saitin kibod za ka tarar da na Hausa a ƙarƙashin Najeriya, mai ƙ da ɗ da ɓ, abin da mutane ke ta wahalar nema. In wani abu bai yi ba ka zare filash ɗin, kwamfutarka tana nan yadda ka bar ta.

A ofis ko makaranta kuma na fi son a fara da LibreOffice da Firefox a kan Windows ɗin da ake da ita, ma'aikata su saba tukuna, daga baya a taɓa tushen. Sai kuma a tabbatar akwai wanda zai gyara in ta lalace, don a nan ne muke da giɓi babba, mai gyaran da ke bakin kasuwa Windows ya sani, in ya ga Linux abu na farko da zai ce shi ne a yi fomatin. Muna da ɗalibai masu karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da jami'ar Aliero da jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi, ga Gusau da Ƙauran Namoda a maƙwabta, ina roƙon malamansu don Allah a riƙa ba su aikin kafa saba da Linux da hannunsu tun suna aji biyu, tsohuwar kwamfuta ɗaya da filash sun isa a fara.