Kayan gwajin dalma na gida

Kayan gwajin dalma na gida ƴan tsinkaye ne masu auduga a kai, ko ƙananan kwalabe na ruwan sinadari, waɗanda ake gogawa a jikin fenti, kwano, tukunya ko abin wasan yara domin a gane ko akwai dalma a samansa. Iyakar aikinsu su canza launi idan sun haɗu da ita. Ba sa faɗin yawanta, ba sa kuma nuna ko ta riga ta shiga jinin mutum.

Mutanen ƙasar Sakkwato ba baƙi ba ne ga wannan guba. A shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, wadda sai a 1996 aka cire ta daga jihar Sakkwato, yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinare masu ɗauke da dalma da ake dakawa a cikin gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara da masu juna biyu ne suka fi shiga haɗari, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa tun tana girma.

Yadda suke aiki

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko yana da sinadarin rodizonet, mai launin ruwan ɗorawa, wanda ke komawa ruwan hoda ko ja idan ya taɓa dalma. Na biyu yana da sinadarin salfayid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, shi kuma baƙi yake yi. An ƙera su ne tun asali saboda fentin gidaje a Amurka, inda aka hana amfani da fenti mai dalma a gidajen zama a 1978.

Mai gwaji yakan fara goge wurin ya bushe. Idan ƙofa ce ko taga da aka sha yi wa fenti, sai ya ɗan yanka da reza a karkace har kowane shafi ya bayyana, domin sau da yawa na ƙasa ne ke da dalmar. Daga nan sai ya jiƙa tsinken yadda takardar cikin kwalin ta ce, wasu da ruwan khal, wasu kuma a matsa su har ƴan kwalaben ciki su fashe, sannan ya goga na kimanin daƙiƙa 30 a wuri mai haske. Wasu kamfanoni sukan haɗa da ɗan kati mai ɗigon dalma, wanda ake gogawa daga baya a tabbatar sinadarin bai mutu ba. Wannan kati yana da muhimmanci a gari irin Sakkwato, inda zafin bazara kan haura maki 40, kaya kuma kan daɗe a shago. A kan kwanon abinci, a wanke wurin sosai bayan gwaji, a kuma nisanta tsinken da yara.

Inda suke gazawa

A nan ne ya kamata a fi natsuwa. Jan fenti yakan rina audugar har a ɗauka dalma ce, haka kuma kuza da sinadarin bariyom sukan sa rodizonet ya canza launi. Salfayid kuwa yana yin baƙi da ƙarfe da tagulla, kuma ba a iya karanta shi a kan abu mai duhu. Irin wannan kuskure asarar kwano kawai yake jawowa. Wanda ya fi muni shi ne tsinken ya ƙi canzawa alhali dalmar tana nan, kamar yadda yakan faru da fenti mai ruwan ɗorawa da aka haɗa da dalma da kuromiyom, wanda ba ya narkewa da sauƙi, ko kuma idan yawanta bai kai abin da sinadarin ke iya kamawa ba. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai na fenti shi ne kashi 90 cikin miliyan, kuma wannan ya yi ƙasa da abin da za a dogara ga tsinke ya gano.

Abubuwan da suka fi shafar gidajenmu ma ba su ne aka ƙera kayan dominsu ba. Kwallin dutse, wanda iyaye mata ke rambaɗa wa jarirai, sau da yawa ma'adinin dalma ne zalla: a 2011 likitoci a birnin Boston sun auna wanda aka kai daga Najeriya aka riƙa sa wa wani jariri, suka sami dalma fiye da kashi 80 cikin 100. Tukwanen zubi da ake yi da tarkacen alminiyum su ma binciken da aka yi a Kamaru ya nuna suna sakin dalma idan aka dafa abu mai tsami a ciki, abin da goga tsinke a busasshiyar tukunya mai sanyi ba zai kwaikwaya ba. Ruwan rijiya, ƙasar tsakar gida, garin yaji da garin maganin gargajiya kuwa sai ɗakin gwaje-gwaje, ko na'urar XRF da ke auna ƙarafa da haske.

Bayan gwaji

Idan tsinke ya nuna ja, a janye abin daga hannun yara da wurin girki nan take. Fenti kada a kankare shi a bushe ko a ƙona shi, domin ƙurar da hayaƙin ne ke kai gubar ciki. A riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma har a sami masani. Idan bai nuna komai ba amma yaro yana yawan ciwon ciki, ƙarancin jini, kasala ko jijjiga, musamman a gidan da ake haƙar zinare ko fasa tsohon batirin mota, a kai shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a gaya wa likita sana'ar gidan, a nemi a auna dalma a jininsa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ita ce, da zarar ta kai maikirogiram 5 a kowace desilita ta jini, a nemo inda take fitowa a kawar da shi.