Malamin yoga mai rera waƙoƙin Sikh: yaya rayuwarsa take?

Shin yoga wani ɓangare ne na addinin Sikh?

A'a. Yoga, wato tsarin motsa jiki da sarrafa numfashi mai asali daga Indiya, ta girmi addinin nesa ba kusa ba. Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, wanda aka haifa a 1469 a garin da yau ake kira Nankana Sahib a Pakistan, har muhawara ya yi da masu yoga na zamaninsa, ya soki yadda suke ƙaurace wa jama'a su tare a duwatsu. Koyarwarsa ita ce mutum ya zauna da iyali, ya ci guminsa, ya ciyar da wasu, yana ambaton Ubangiji. Wanda ya haɗa yoga da addinin Sikh a Yammacin duniya shi ne Yogi Bhajan, mabiyin Sikh da ya kafa ƙungiyar 3HO a Los Angeles a 1969 yana koyar da Kundalini Yoga. Malaman yoga masu fararen kaya da rawani, galibi daga makarantarsa suka fito.

Yaya ranar irin wannan malami take farawa?

Wajen ƙarfe huɗu na dare yake tashi, ya watsa ruwan sanyi, ya rufe kansa, ya karanta Japji, addu'ar safe ta Guru Nanak. Daga nan sai motsa jiki da sarrafa numfashi, sannan ya harɗe a kan buzu yana rera baitoci har gari ya waye, kusan sa'a biyu da rabi ke nan. A ganina wannan tashin ne ke juya rayuwarsa fiye da komai. Mai tashi ƙarfe huɗu dole ya kwanta da wuri, hirar dare ta ƙare, abokan yawo su ragu. Nama da giya da taba kuwa tuni ya yi sallama da su.

Mene ne kirtan, kuma me ya sa ya zama jigo?

Rera baitocin Guru Granth Sahib, littafi mai tsarki na mabiya Sikh, ne da kiɗa. Littafin mai shafi 1,430 an tsara yawancinsa ne bisa salon kiɗa 31, wato don a rera shi aka shirya shi. Mai rerawa kan zauna a ƙasa gaban hamoniya, hannu ɗaya na danna maɓallai, ɗaya na tura mata iska, makaɗin gangar tabla na gefensa. Abin da zai ba wasu mamaki, abokin tafiyar Guru Nanak mai kaɗa masa rabab (wani irin molo), Bhai Mardana, Musulmi ne, kuma akwai baitocin Sheikh Farid, wani sufi Musulmi, a cikin littafin.

Malamin da ya rungumi kirtan sai ya koma ɗalibi: ya koyi haruffan Gurmukhi da ake rubuta littafin da su, ya gyara lafazi, ya saba riƙe numfashi har ƙarshen baiti, abin da yake koya wa ɗalibansa ke nan a aji.

Mabiya Sikh na Punjab, mahaifar addinin, sun gamsu da wannan haɗi?

Kansu a rabe yake. Wasu na murna baitocinsu sun kai ƙasashe masu nisa. Wasu kuma na ganin rashin ladabi ne a yanko baiti a haɗa shi da motsa jiki a kuma karɓi kuɗin aji, alhali a wurin ibadarsu har abinci kyauta ake ci. Sannan a 2020, shekara 16 bayan rasuwar Yogi Bhajan, wani bincike mai zaman kansa ya ce da alama zarge-zargen cin zarafin mata da aka yi masa gaskiya ne. Malamai da dama sun sauke hotonsa daga bangon aji, wasu sun bar tafiyar baki ɗaya, wasu kuma suka riƙe kirtan ɗin suka koma koyonsa wurin mawaƙan Sikh na asali.