Waiwaye: lambar da Mersenne ya ce ba ta rabuwa

A jera 2 sau 67, a ninka su duka, a cire 1. Abin da zai fito shi ne 147,573,952,589,676,412,927. A 1644 wani malamin coci ɗan Faransa, Marin Mersenne, ya sa wannan lamba cikin jerin waɗanda ya ce ba abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu, irin su 7 da 31 da 127. Bai kawo hujja ba. Girman sunansa ya sa aka bar maganar haka nan shekaru fiye da 200, domin ba mai ƙarfin zama ya gwada ta da alƙalami.

Jerin nasa ya yi daidai a wasu wuraren. A 1772 masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar cewa ta sau 31 (a jera 2 sau 31, a ninka, a cire 1), wato 2,147,483,647, ba ta rabuwa. Amma a 1876 Édouard Lucas, shi ma Bafaranshe, ya fito da wata dabara da ta nuna ta sau 67 tana rabuwa. Abin mamaki, dabarar ba ta faɗin lambar da ke raba ta. Ta dai ce akwai, ta yi shiru.

Sai ranar 31 ga Oktoba 1903, a taron ƙungiyar masana lissafi ta Amurka a birnin New York, Frank Nelson Cole na Jami'ar Columbia ya miƙe ya nufi allo. Yadda ake ba da labarin, uffan bai ce ba. Ya lissafa lambar a gefe guda. Ya koma ɗaya gefen ya rubuta 193,707,721 da 761,838,257,287, ya ninka su layi bayan layi da alli. Amsoshin biyu suka zo daidai, ya koma kujerarsa, mahalarta suka miƙe da tafi. An ce ranakun Lahadi na shekara uku ya kashe kafin ya gano lambobi biyun da ke raba ta.

A ganina, giɓin da ke tsakanin Lucas da Cole shi ne ainihin labarin. Sanin cewa lamba tana rabuwa abu ne mai sauƙi in aka kwatanta da zaƙulo masu raba ta, kuma kwamfuta ba ta cike wannan giɓi ba. Tsarin RSA da ke ɓoye saƙonni a intanet, wanda aka ƙirƙiro a 1977, a kan wannan wahalar aka gina shi.

Masu farautar irin waɗannan lambobi sun yi nisa: a Oktoba 2024 Luke Durant, ta shirin GIMPS na masu sa kai da ke neman su da kwamfuta, ya samo ta 52 da aka sani cikin irinsu da ba sa rabuwa, mai alƙaluma 41,024,320. Duk da haka, har zuwa 2024 ɗin, ta sau 1,277, mai alƙaluma 385 kacal, tana nan inda Lucas ya bar ta sau 67: an san tana rabuwa, ba a samo ko ɗaya daga cikin masu raba ta ba.