Lambobin yabon soja a kasuwar gwanjo: ta gaske ce ko jabu?

Me ya sa ake rigima a kan ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba?

Kuɗi ne. A 2022 gidan gwanjo na Noonans da ke Landan ya sayar da lambar Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta Birtaniya, wadda aka ba wani jarumi mai suna Thomas Kavanagh, a kan fam 930,000. Tagullar da aka yi ta da ita ba wani abin kirki ba ce a kasuwa. Abin da mai saye ke biya shi ne sunan wanda aka ba ita, da labarin ranar da ya sayar da ransa. Tun da Sarauniya Victoria ta kafa lambar a 1856, sau 1,358 kacal aka bayar da ita.

Wace irin cuta ake yi wa masu saye?

Akwai masu ƙera jabu tun daga tushe, kuma sau da yawa aikinsu yakan tona musu asiri: nauyi bai kai ba, ko rubutu ya yi laushi. Wadda ta fi wuyar kamawa ita ce a sami lamba ta gaske, ta wani sojan da ba a san shi ba, a kankare sunansa a sa na wani jarumi. Lambobin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Farko suna ɗauke da suna da lambar soja da rundunarsa a bakin gefe. Shi ya sa za ka ga dillali ya sa madubin ƙara girma yana bin gefen nan harafi bayan harafi, yana auna kaurinsa, don inda aka kankare yakan sirance. Daga nan sai a duba katunan sojoji da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasar Birtaniya a Kew, Landan.

To, ƙwararrun ba sa kuskure ne?

Suna yi, kuma labarin lambar John Chard ya isa misali. Chard shi ne hafsan da ya jagoranci sojan Birtaniya a Rorke's Drift da ke Afirka ta Kudu a 1879, lokacin yaƙinsu da Zulu. A 1972 ɗan wasan kwaikwayo Stanley Baker, wanda ya taɓa fitowa a matsayin Chard a fim, ya sayi lambobinsa a gwanjo kan fam 2,700. A takardar gwanjon an rubuta cewa Victoria Cross ɗin kwafi ce aka zuba, wato narka ƙarfe aka yi aka zuba a mazubi. Abin da ya rikita mutane shi ne yawancin lambobi bugawa ake yi da hatimin ƙarfe, saboda haka alamar zubi takan nuna jabu. Ita kuwa Victoria Cross dama can zuba ta ake yi, a kamfanin Hancocks. Baker ya rasu a 1976 yana ganin kwafi ke hannunsa. Sai a shekarun 1990 aka gwada sinadarin ƙarfen, aka ga ya yi daidai da na sauran lambobin asali. Yanzu tana cikin tarin Lord Ashcroft, wani attajirin Birtaniya mai tara irin waɗannan lambobi. A ganina wanda ya sayar a 1972 shi ya fi kowa asara, kuma ba wanda ya yi masa ƙarya da gangan.

Lambobin kakanninmu da suka je yaƙin Burma fa?

Nan akwai matsala ta daban. Lambobi masu siffar tauraro na Yaƙin Duniya na Biyu, irin su Burma Star, Birtaniya ta raba su ba suna a jiki. Ba abin da zai haɗa tauraron da mai shi sai takardar sallama, littafin albashi ko hoto. Gidan da ke da irin waɗannan takardu a ƙasan akwati kada ya raba su da lambar.

Ko'ina aka halatta wannan ciniki?

A'a. A Amurka doka ta hana sayar da Medal of Honor, babbar lambar jarumta ta sojan ƙasar. A 1996 an ci tarar kamfanin Lordship Industries, wanda gwamnati da kanta ta ba aikin ƙera lambar, dala 80,000 saboda ya sayar da guda 300 ta bayan fage. Waɗannan daga injin asali suka fito, ƙarfe ɗaya, hatimi ɗaya, sai dai ba wani soja da aka taɓa rataya wa ko guda.